Hayaniya da Gajeren Ran Kubit

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mai karatu ya sani cewa hayaniyar da ake nufi a nan ba ta kunne ba ce. Masana fiziks sun ari kalmar ne don nuna duk wani motsi na zafi, lantarki ko maganaɗisu da ke kutsawa inda ba a gayyace shi ba.

Kwamfutar da muka saba da ita tana aiki ne da 0 ko 1. Shi kuwa kubit, watau ƙwayar bayani a kwamfutar kwantam, yana riƙe su biyun a gauraye, suna tafiya bisa ƙa'ida kamar makaɗa biyu masu bin amo ɗaya. Wannan hali na kira jituwa, kuma da zarar ta watse lissafi ya lalace.

Ana ƙera irin wannan kubit da 'yar da'irar alminiyum, a sanyaya ta zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili, inda lantarki ke gudana ba turjiya. A cikinta akwai mahaɗar Josephson, watau falle biyu na ƙarfen da siririyar tsatsarsa a tsakani. Abin takaici, irin wannan tsatsa tana ɗauke da ƙananan lahani masu zuƙe kuzarin kubit har 1 ya faɗo 0. Wani lokaci kuma kuzari na nan, makaɗan ne kawai suka saɓa.

A 1999, lokacin da Yasunobu Nakamura da abokansa na kamfanin NEC a Japan suka fara nuna abin, jituwar ta ɗore kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A 2007 aka fito da samfurin transmon a Jami'ar Yale, wanda bai cika jin hayaniyar caji ba. A 2021 masu bincike a Princeton suka yi amfani da ƙarfen tantalum, suka kai kashi uku cikin dubu goma na daƙiƙa.

A ganina, babban cikas shi ne ba a iya rufe kubit ruf, domin ta wayar da ake ba shi umurni hayaniya ma take shigowa. Ga kuma ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya: idan guda ta bugi faifan, sai kubit masu yawa su kuskure tare, alhali dabarun gyaran kuskure an gina su ne bisa zaton kurakurai za su zo a warwatse.