Simon Lalong: Daga Majalisar Dokokin Filato zuwa Majalisar Dattawa

Tun kafin a san Simon Bako Lalong a matsayin gwamna, zauren Majalisar Dokokin Jihar Filato ne ya horar da shi a siyasa. Lauyan, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shiga majalisar a 1999 yana wakiltar Shendam a ƙarƙashin inuwar PDP, kuma a shekarar 2000 ya zama kakakinta.

Kujerar ba ta zo masa da sauƙi ba. A watan Mayun 2004, Shugaba Obasanjo ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar har tsawon wata shida. A 2006 kuma, 'yan majalisa shida kacal cikin 24 suka tsige Dariye. Lalong bai bi sahunsu ba, kuma a wannan dambarwa ce kujerar kakaki ta suɓuce masa. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ta saɓa wa doka.

Ya sake ɓullowa a 2015, inda ya lashe zaɓen gwamna a tutar APC, ya kuma zarce a 2019. A 2023 hukumar INEC ta ce ya sha kaye a takarar sanatan Filato ta Kudu, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi kujerar. Daga bisani ya ajiye muƙamin Ministan Ƙwadago da Shugaba Tinubu ya ba shi, ya koma aikin majalisa, inda ya faro siyasarsa.