Ƙwallon Zuci Da Amanar Kuɗin Jama'a: Labarin Wani “Kwamishina”

Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Ban san nauyin wannan karin magana ba sai da na wayi gari ina shari'a tsakanin magidanta arba'in a kan ƙwallon da babu ɗayanmu da ya taɓa taka filin da ake buga ta. Tun shekarar 2020 nake jagorantar wata ƙaramar gasa ta Fantasy Premier League tsakanin abokai na Birnin Kebbi da Argungu, kuma a kakar wasa ta 2022/23 saura ƙiris gasar ta raba mu. Na ga ya dace in ba da labarin, domin irin wannan gasa ta cika zaurukan WhatsApp na ɗalibai da ma'aikata, kuma ramin da muka faɗa yana nan a buɗe.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, abin da muke kira ƙwallon zuci shi ne mutum ya zama koci a cikin wayarsa. Ana ba shi fam miliyan 100 na ƙarya, ya sayi 'yan wasa 15 na gaske daga gasar Firimiya ta Ingila: masu tsaron gida biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, kuma ba zai ɗauki fiye da uku daga ƙungiya ɗaya ba. Abin da suka yi a fili shi ke zame masa maki. Ɗan gaba ya ci ƙwallo, maki huɗu. Ɗan baya ya ci, shida. Jan kati ya zabge uku. Wanda ka naɗa kyaftin ana ninka makinsa. Idan ka sauya 'yan wasa fiye da damar da kake da ita, kowane ƙarin sauyi zai ci maka maki huɗu. Ana rufe ƙofar sauyi minti 90 kafin wasan farko na kowane mako, har makonni 38. An fara wannan gasa a 2002, kuma a 'yan shekarun nan masu shiga sun haura miliyan goma a duniya.

Tushen abin yana Amurka, a wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda. A 1980 wani ɗan jarida mai suna Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasar da suka raɗa wa sunan gidan abincin da suke haɗuwa a birnin New York, wato La Rotisserie Française. Da hannu suke tattara alƙaluma daga jaridu, kuma mai riƙe da littafin lissafi a irin waɗannan gasa ana ce masa kwamishina. Da na ba abokaina wannan labari, sai sunan ya bi ni. Har yau akwai masu kirana Kwamishina a wurin ɗaurin aure, baƙi su yi ta kallona suna neman motar gwamnati.

Mun fara mu goma sha biyu, babu ko kwabo a ciki. Akwai malaman makaranta, da ma'aikacin jinya, da mai sayar da wayoyi, da manoman shinkafa biyu. Nan da nan muka rabu gida biyu, 'yan Birni da 'yan Argungu. Duk wanda ya san abin da ya gudana tsakanin Gwandu da Kabawa a ƙarni na 19 zai fahimci irin barkwancin da ake yi ran Litinin da safe. Idan mutumin Argungu ne a sama, sai a ce jikokin Kanta sun karɓi garinsu. Wanda ya zo na ƙarshe a shekara shi ke sayen kifi a ci. Shekara biyu muka yi a haka, kuma ban tuna ranar da wani ya kwana da fushin wani ba.

A watan Agustan 2022 aka kawo shawarar a sa kuɗi domin gasar ta yi armashi. Kowa ya ba da naira 5,000. Labari ya bazu, muka zama arba'in, aka tara naira 200,000 a asusuna na banki. Muka amince da baki cewa gwarzon kowane wata zai karɓi 10,000, abin da ya rage kuma a raba wa ukun farko a ƙarshen kaka. Ba mu rubuta komai ba. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa binciken da ba a rubuta ƙa'idojinsa ba shirme ne, ban ga dalilin rubuta doka tsakanin abokai ba.

Rigima ta farko daga fadar Ingila ta zo. Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, aka ɗage duk wasannin wannan mako. Wanda ke gaba a watan ya ce a ba shi kuɗinsa cif. Na bayansa suka ce watan bai cika ba, a haɗe shi da Oktoba. Ina cikin sasanta wannan, sai ta biyu ta taso: shin makin da ake zabgewa saboda ƙarin sauyi za a cire shi wajen lissafin gwarzon wata? Mutum biyu ne ke kan gaba, bambancinsu maki uku, kuma ɗayansu ya yi ƙarin sauyi sau biyu. Duk hukuncin da na yanke, na riga na san wanda zai amfana da shi. A nan na gane cewa dokar da aka kafa bayan an ga sakamako sunanta son kai, ko da mai kafa ta waliyyi ne.

Ta uku ni na jawo ta da hannuna. A tsakiyar Oktoba wani aminina ya roƙe ni in shigar da ƙanin matarsa. Na ji nauyinsa, na ba shi lambar shiga. Abin da ban lura da shi ba shi ne, wanda ya shigo a makare yakan zo da duk makin da ya tara tun makon farko. Yaron ya naɗa Erling Haaland kyaftin a makonnin da ya ci uku-uku a ragar Crystal Palace da Nottingham Forest da Manchester United, don haka yana shigowa ya zauna a matsayi na ɗaya. Ɗaya daga cikin manoman Argungu ya kira ni da dare.

“Kwamishina, wanga yaro daga ina ya hito? Mu munka yi wata biyu muna wahala, shi ya zo ya hau bisa kanmu?”

Na ce a yi haƙuri, wasa ne. Ya ce, “In wasa ne, Dakta, a maido muna da kuɗinmu.”

Daga baya ta bayyana cewa yaron ƙungiyoyi uku ya buɗe da adireshin imel daban-daban, abin da dokar wasan kanta ta hana, ya jira ya ga wadda ta fi maki, sannan ya shigo da ita. Na cire shi. Aminina ya ɗauki abin a matsayin cin fuska ga gidan surukansa, ya fice daga zauren. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin masallaci.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Mai karatu zai tuna cewa malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, kuma watannin sun wuce mana babu albashi. Kuɗin gasar suna cikin asusun da nake cefane da shi. Da aka koma makaranta a Satumba, na ɗebi naira 60,000 na biya wa yara kuɗin zango, na ce wa kaina aro ne. Na mayar da su a Disamba, babu wanda ya rasa ko sisi. Amma wata uku na yi ina yanke wa mutane hukunci a kan gaskiya alhali amanar da ke hannuna da giɓi. Lokacin da manomin nan ya ce a mayar musu da kuɗinsu, gabana ya faɗi, domin da sun dage a wannan dare, da ban iya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da aka shiga 2023, ƙarancin takardun naira ya zo da nasa. Na tura wa gwarzon Janairu kuɗinsa, aka cire daga asusuna, shi kuwa bai ga komai ba har kwana tara. Ya sa hoton asusunsa a zaure, ni ma na sa nawa, mutane suka rabu biyu. A da, kalmata ta isa. Yanzu sai da shaida, kuma a zuciyata na san ban cancanci fiye da haka ba.

Rigimar ƙarshe agogo ne ya haddasa ta. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Nijeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, don haka mun saba ana rufe ƙofa da ƙarfe 12 na rana idan wasan farko na Asabar ne. Ranar 26 ga Maris Turawa suka tura agogonsu gaba. Asabar 1 ga Afrilu, ana cikin azumi, ƙofa ta rufe da ƙarfe 11, mutane da dama suna barcin safe. Mako ne da ƙungiyoyi da yawa ke buga wasa biyu, Haaland kuma bai buga wasan Liverpool ba saboda rauni. Mutum shida suka ce laifina ne da ban tunatar ba, a soke makon daga lissafi. Waɗanda suka farka da wuri suka ce sai dai a soke gasar baki ɗaya. An yi zage-zage da bakin azumi, tsakanin mutanen da suka halarci sunan 'ya'yan juna.

A daren nan bayan asham na kai kukana wurin limamin unguwarmu, dattijon da bai san Haaland ba, bai kuma damu ya sani ba. Na yi ta bayanin cewa wasan na ƙwarewa ne da nazarin alƙaluma, har na kawo masa cewa dokar Amurka ta 2006 a kan cacar intanet ta ware irin wannan wasa daga cikin caca. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

“Dakta, kuɗin da na ɗaya zai ɗauka, daga aljihun wa sunka hito?”

Na ce daga aljihun sauran. Ya ce to ai na ba kaina amsa. Ya tunatar da ni cewa ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, da suka hana caca, sun ambaci gaba da ƙiyayya a cikin abin da take haifarwa, ya ce in duba zaurenmu in gani ko an yi ƙarya. Ya ƙara da cewa kyautar da wani na gefe ya bayar, wanda ba ya cikin masu takara, hukuncinta daban. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma na san masu ganin ƙwarewa ta rinjayi sa'a a wasan suna da hujjarsu. Sai dai na kasa nuna masa ƙwarewar da ta hango rasuwar Sarauniya ko raunin ɗan wasa.

Abin kunyar shi ne darasin yana ƙofar gidanmu tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi bikin kamun kifin da ya zama alamar sulhu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da gora, amma kowa ya san doka kafin ya jiƙa ƙafarsa. Lokacin shiga ɗaya ne, ma'auni ɗaya ne, a gaban jama'a ake awo, kuma ba masunta ke tara kuɗin kyautar ba. Ko a 2008, da aka gano cewa kifin da ya zo na ɗaya matacce ne aka shigo da shi daga wani wuri, an karɓe kyautar, domin akwai dokar da ta riga kifin zuwa. Mu kuwa, da digirorinmu, sai da kifi ya hau ma'auni muka fara gardamar yadda za a auna shi.

Bayan sallah na tara waɗanda za su iya zuwa, muka zauna a Argungu. Na karanta musu lissafin kowace naira, har da 60,000 da na taɓa. An yi shiru na ɗan lokaci. Manomin nan ne ya fara magana, ya ce da na faɗa a lokacin, da shi ya ba ni aron. Wannan kalma ta fi mini zafi fiye da zagi. Muka amince a raba abin da ya rage daidai wa daida, kowa ya karɓi nasa, a ƙarasa kakar don nishaɗi.

A kakar da ta biyo baya muka rubuta doka shafi ɗaya, kowa ya amince da ita kafin wasan farko. Babu kuɗin shiga. Ana rufe rajista a makon farko. Mutum ɗaya, ƙungiya ɗaya. Duba lokacin rufe ƙofa nauyin mai ƙungiya ne. Idan gardama ta taso, mutum uku da ba su cikin goman farko ke yanke hukunci, kwamishina ba ya ciki. Kyautar shekara buhun shinkafa ce daga wani dattijo da ba ya wasan. Daga arba'in muka koma goma sha bakwai, kuma wannan ragin ya nuna mana abin da ya kawo sauran.

Ga ɗalibaina da sauran matasa masu riƙe da irin wannan gasa, shawarata ita ce ku rubuta dokarku tun ba a san wanda za ta amfana ba, ku nisanta kuɗin junanku daga wasan, kada kuma ɗayanku ya ajiye kuɗin jama'a a asusun da yake cefane da shi, ko na gasa ne, ko na ƙungiyar ɗalibai, ko na adashi. Da yawa daga cikinku gobe za a damƙa muku baitulmalin ƙaramar hukuma ko na ma'aikata, kuma hannun da ya saba da “aro” a kan dubu sittin ba zai yi rawa a kan miliyan sittin ba. Ni na tsira da asarar amini ɗaya da kunyar yini ɗaya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, ƙaramarta da babbarta.