Tuta, Wasiƙa da Tangaraho: Abubuwan Mamaki Kan Saƙon Yaƙi

Manomin shinkafa a Kura ko Bunkure, in yana son jin ko an sako ruwan Tiga, waya zai ɗaga, kafin kokonsa ya huce ya sami amsa. Amma ƙasar nan da ke tsakanin Madobi, Bebeji da Rano ta ga zamanin da labari ke tafiya da ƙafar doki, kuma sau da yawa yaƙi kan riga shi isowa. Ga kaɗan daga abin da tarihi ya adana.

Bayan an kori Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto cikin Yunin 1804, sai ya aika wa 'yan'uwansa sarakunan Hausa takardu, yana gargaɗinsu da cewa ya raina 'yar ƙaramar wuta a ƙasarsa har ta ƙone shi, kowa ya kula da tasa. Shi ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya aika musu da nasa saƙon. Na Katsina ya yayyaga takardar, Alwali na Kano ya yi ta jinkiri kafin ya ƙi, Jatau na Zazzau kuwa ya karɓa, sai dai yardar ba ta wuce ransa ba, don ɗansa Makau ya juya baya.

Shehu bai taɓa taka Kano ba a duk tsawon jihadin. Tuta yake bayarwa, tutar kuwa ita ce takardar naɗi, ita ce izinin yaƙi. Matsalar Kano ita ce shugabannin jama'a sun yi yawa: Malam Jamo, Malam Bakatsine, Malam Jibir, Ɗan Zabuwa, Dabon Dambazau, kowa da mutanensa. Sai da Muhammadu Bello ya gana da shugabannin gabas a Birnin Gada ya karanta musu saƙon mahaifinsa aka tsayar da Sulaimanu, malami mai tsoron Allah wanda bai kai sauran yawan dakaru ba. A ganina da gangan ne. Wanda ba ya tsorata kowa ya fi sauƙin bi.

Alwali ma ba shi kaɗai ya tsaya ba, ya nemi gudummawar Katsina da Daura da Barno. Ɗan Tunku ya tare wa Katsinawa da Daurawa hanya, aka ci Alwali a Ɗan Yaya, ya yi kudu ta Rano zuwa Zariya, ya ƙare a Burumburum inda aka kashe shi a 1807. Abin mamakin, wannan Ɗan Tunkun shi ne ya zo ya yi shekaru yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sakkwato ta raba gardama ta bar masa Kazaure.

Daular Sakkwato tana da tsarin da ake kira ƙofa: kowace masarauta da wanda take bi ta hannunsa kafin maganarta ta kai ga Sarkin Musulmi. Ƙofar Kano da Zazzau Waziri ne. Wasiƙun da Larabci ake rubuta su, gajeru ne, galibi ba kwanan wata, wanda har yau yake wahalar da masu bincike. Da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarinsu a gidan Waziri Buhari, wani jami'i mai suna Backwell ya buga fassararsu a Legas a 1927.

Umarni kuma daban, bin sa daban. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage sai Tukur ya gaji sarautar Kano, Waziri Buhari ya naɗa shi, Yusufawa suka fice zuwa Takai. Aka aika wa sarakunan gabas su taimaki Tukur. Yawancinsu suka yi ta jan ƙafa har Alu Babba, jagoran Yusufawa, ya shiga birni a 1894.

Yanzu ga shekarar da komai ya cakuɗe. Lugga, wato Lugard, yana da 'yan leƙen asirinsa, irin su Adamu Jakada, da ke shiga Kano da sunan kai saƙo suna dawo masa da rahoto. A Mayun 1902 ya ce ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja, amma ba a ga asalin Larabcinta ba, fassarar Ingilishi kawai ta rage, shi ya sa masana irin su Muffett suka yi ta sa mata alamar tambaya. A Oktoba Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya fara haɗa runduna a Zariya. Shin ya gaya wa iyayen gidansa na Landan? Ina! A labarin kamfanin Reuters suka fara tsintar maganar cikin Disamba, suka shiga buga masa tangaraho suna tambayar me ake ciki. Mai wayar ma ke nan, in ya so ɓoye magana ya ɓoye.

A ɗaya ɓangaren, cikin wasiƙun gidan Waziri akwai ta Alu Babba inda yake ba da shawarar a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar. Ba a tsayar da magana ɗaya ba: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a tashi. A farkon Janairun 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Ranar 29 ga Janairu Kanar Morland ya baro Zariya. A Bebeji, nan kusa da Madobi, aka fara tsayar da shi, igwa ta fasa ƙofar gari, sarkin garin ya rasu a wurin, garuruwan da ke gaba suka watse kafin a iso su. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarkin Shanu ya mutu yana kare fada. Shi kuwa mai garin yana kan hanyar dawowa a ƙasar Zamfara labari ya riske shi. Ya sulale da dare, rundunar ta rabu biyu: Wambai Abbas ya nufo Kano da nasa, Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Burmi a Yuli. Kowane gari shi kaɗai ya fuskanci igwa, ba a taɓa haɗa rundunonin daular wuri ɗaya ba.

Shekara 37 bayan haka Kano ta zama zango a wani yaƙin, wato yaƙin duniya na biyu. Da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya a 1940, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gana, a harhaɗa su, su tashi su bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, Khartum, har Alƙahira. Ayari-ayari suke tafiya, babban jirgi mai masanin hanya a gaba, ƙananan na biye, tamkar fatake da madugu. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Ba za ta yiwu ba da Félix Éboué, baƙar fata gwamnan Chadi, bai bi Janar de Gaulle ba ranar 26 ga Agustan 1940. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus har ƙarshen 1942, wato Bakatsine da ɗan'uwansa na Maraɗi suna ɓangarori biyu na yaƙin duniya ba tare da an shawarce su ba.

Sojan da aka kwasa zuwa Bama, runduna ta 81 da ta 82, a bataliyoyin Nijeriya Hausa ce harshen bariki, hafsan Bature sai ya koye ta kafin ya ji daɗin aiki. A gida kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam, ita ke kai wa iyayensu labarin fagen fama.

Manyan fa? Churchill da Roosevelt sun yi musayar saƙonni kusan 2,000. Suna kuma hira ta waya suna ganin na'urar dagula murya ta rufa musu asiri, alhali Jamusawa na zaune a gaɓar tekun Holan suna warware ta. A ƙarshen Yulin 1943 sun saurari hirarsu kan Italiya bayan faɗuwar Mussolini. Sabuwar na'urar da Amurka ta ƙera, SIGSALY, nauyinta ya kai tan 50, sai a ƙarƙashin kantin Selfridges na Landan aka sami inda za a girke ta. Ɗakin da Churchill ke amsa wayar kuwa an sa masa makullin bayan gida, ma'aikata suna zaton makewayin Firayim Minista ne, kullum da mutum a ciki.

 

Shi kuma de Gaulle, wanda ƙasar mabiyansa ta ba jiragen Kano hanya, ba a gaya masa za a sauke sojan ƙawance a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamban 1942 ba, don Roosevelt bai yarda da shi ba. Saukar Normandi a ƙasarsa ta haihuwa ma sai ranar 4 ga Yunin 1944 Churchill ya kira shi ya sanar da shi, kwana biyu kafin a sauka.