Gwanjon 'yan kurket da farashin ɗan damben Gwandu

A watan Nuwamban 2024, a birnin Jidda, ƙungiyoyi goma na gasar kurket ta Indiya, wato IPL, suka zauna gwanjon 'yan wasa. Lucknow Super Giants ta zuba rupi miliyan 270, sama da dala miliyan 3, a kan Rishabh Pant, kuɗin da ba a taɓa taya wani da shi ba tun kafa gasar a 2008. Kurket bai samu gindin zama a Gwandu ko Kalgo ba, amma tambayar da gwanjon ya tayar tamu ce: me ke yanke wa ɗan wasa farashi? Ni a ganina bajinta kaɗai ba ta yanke shi. Ƙarancin irinsa a ranar ciniki da matsuwar mai saye su ne kan gaba.

Labarin Mitchell Starc, ɗan Ostareliya mai jifa da hagu, ya isa hujja. A Disambar 2023 Kolkata Knight Riders ta saye shi rupi miliyan 247.5 a Dubai. Bai taɓuka abin kirki ba a farkon kakar 2024, amma a wasan ƙarshe shi aka zaɓa gwarzo, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofi. Wata shida bayan haka Delhi Capitals ta same shi a miliyan 117.5, ƙasa da rabi. Hannunsa bai mutu ba, kasuwar ce ta sauya. Gwanjon farko ƙarami ne, gwanaye kaɗan aka fitar, ƙungiyoyi na riƙe da rarar kuɗi. Na biyun kuwa babba ne, zaɓi ya yi yawa, kuma kowace ƙungiya sai ta haɗa aƙalla mutum 18 cikin rupi biliyan 1.2 da aka ƙayyade mata. Mai kai albasa kasuwar Aliero ya san buhu ɗaya ne, amma kuɗinsa lokacin da kaya suka cika kasuwa daban, da damina daban. Ga kuma dokar da ta hana sa baƙi fiye da huɗu a fili, wadda ke ɗaga darajar ɗan ƙasa irin Pant, mai bugu, mai tsaron baya, mai iya jagoranci.

Masana lissafi za su ce alƙaluma na iya gano ƙimar gaskiya: maki nawa ya ci, cikin jifa nawa, a wane fili. Suna da gaskiya har wani wuri, domin alƙaluma na tona asirin wanda suna kawai ya rage masa. Sai dai abin da ya wuce suke faɗa. Pant bai kai maki 300 ba a kakar 2025, alhali Vaibhav Suryavanshi, yaron da Rajasthan Royals ta ɗauka yana ɗan shekara 13 a miliyan 11, ya ci maki 100 cikin jifa 35.

Wasu kuma na ƙyamar a yi cinikin ɗan Adam a bainar jama'a, kuma ƙyamar tana da tushe. Amma a dubi halin da namu ke ciki. Ɗan dambe ko ɗan kokawa da ke cika fili bayan kaka, darajarsa na bakin makaɗi da liƙin 'yan kallo, ladarsa kuwa a ɓoye ake yanke ta tsakaninsa da mai gidan wasa. Babu rubutaccen tarihin wasa nawa ya yi, kisa nawa, da wa ya kara. Yanzu da kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship ke shirya dambe suna nuna wa duniya ta intanet, mai saye ya san yawan idon da ɗan wasa ke jawowa, shi kuwa bai sani ba. Wannan ya fi gwanjo ƙasƙanci, domin ko banza Starc ya ga masu tayinsa suna gogayya a fili. Abin da ya kamata ƙungiyoyin wasannin gargajiya na Kebbi su fara da shi bai da tsada: littafi a kowane fili, a rubuta sunan ɗan wasa, abokin karawarsa, sakamako, yawan tikitin da aka sayar, da abin da aka biya shi a daren.