Arahar hili a bakin gulbi: a tambayi damana kafin a biya

A garuruwa irin su Madarunfa, Tibiri da Tasawa, ɗan kasuwa in ya samu riba, ko mace ta kwashi adashi, abin da ake fara tunani shi ne sayen hili ko gida. Mu ma mun yarda ƙasa ajiya ce. Sai dai ba kowane hili ne ke riƙe amanar dukiya ba.

Cinikin hilaye ya fi tashi da rani, bayan an sayar da wake da gujiya. A lokacin ko'ina busasshe ne, kwari da tudu duk ɗaya suke a ido. Dillali zai nuna maka wuri kusa da kasuwa, kuɗinsa ƙasa da na maƙwabta, ba zai ce maka tsohon kududdufi ne da aka cike da shara ba. Sai watan Agusta ruwa ya dawo hanyarsa.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. A 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole aka maida gari bisa tudu. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi kuma na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin Birni ya ruguje a watan Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, saboda haka yana iya cika ko da ba a yi ruwa a garinmu ba. Ginin laka kuwa daga ƙasa yake mutuwa: ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu, sai ta jiƙe ta zube. Ga mai sana'a asarar biyu ce, domin buhunan hatsi, turamen atamfa da kayan ɗakin ɗiya duk a gida ake ajiye su. Gidan da ruwa ya taɓa shiga, ɗan haya na gudunsa, mai saye kuma na karya kuɗinsa.

Shawararmu ita ce: kada a biya sai an ga wurin da damana. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2024. A dubi katangun maƙwabta, alamar ruwa ba ta ɓuya. A je ma'aikatar magajin gari a tabbatar da takardar hilin, domin takarda na nuna mai wuri ne kawai, ba ta hana ruwa. In za a yi gini, a tada harsashi da dutse da siminti, a ɗaga dokin ƙofa, a bar wa ruwa mafita.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gara ƙaramin hili a tudu da babban gida a hanyar ruwa.