Sinadarin Namiji da Girman Furostet

Furostet wata ƙaramar halitta ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ta zagaye hanyar fitsari, kuma ita ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. A jikin yaro 'yar mitsitsiya ce, sai an balaga take girma ta kai nauyin giram 20 ko kusa da haka. Abin da ke sa ta girma shi ne testostiron, sinadarin da 'yan maraina ke fitarwa bisa umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Idan ya shiga furostet, a nan ake juya shi zuwa wani sinadari da ake kira DHT, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan shekaru suka ja, tsakiyar furostet kan kumbura ta matse hanyar fitsari. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi: fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ga yawan tashi cikin dare. Ba kansa ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama kansa. Amma sai da sinadarin namiji yake faruwa, domin babannin da aka yi wa fiɗiya kafin balaga ba sa samunsa. A shekarar 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu maza a Jamhuriyar Dominika da aka haifa jikinsu ba ya iya juya testostiron zuwa DHT, furostet ɗinsu kuma ba ta girma ko bayan sun manyanta. Daga wannan binciken aka samo dabarar maganin finasteride, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992. Yakan rage girman furostet sannu a hankali, cikin watanni. Yana kuma rage sakamakon PSA, gwajin jinin da ake duba furostet da shi, da kusan rabi, don haka dole likita ya san mutum yana shan sa.

Kansa ita kuma ta fi tasowa daga gefen furostet, nesa da hanyar fitsari, shi ya sa takan daɗe ba ta nuna alama ba. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago, tare da Clarence Hodges, ya nuna cewa idan aka cire 'yan maraina, ko aka ba majiyyaci sinadarin mata, kansar da ta riga ta bazu zuwa ƙashi takan lafa, ciwon ya yi sauƙi. Wannan aiki ya sa aka ba Huggins lambar Nobel a 1966. Yau galibi allura ake yi, wadda ke hana ƙwaƙwalwa aika umarninta. Maganin yana da nauyi a jiki, kuma ya kamata a gaya wa majiyyaci tun farko: sha'awa takan ragu, ƙashi ya yi rauni, ga kasala da zafin jiki mai tasowa kwatsam.

Kuskure ne a ɗauka cewa yawan testostiron ne ke haddasa kansa. Cutar ta fi kama tsofaffi, a lokacin da sinadarin ke raguwa a jini. Shi kamar ruwan sama ne a gona, yana raya gero yana raya ƙuduji, amma ba shi ya shuka ƙudujin ba. Tsufa, gado, da kasancewa baƙar fata ɗan asalin Afirka su ne abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin.

Bayan wani lokaci ana magani, kansar takan saba da ƙarancin sinadarin, har ta riƙa haɗa nata da kanta. Domin wannan matakin aka amince da abiraterone a 2011, mai toshe haɗa sinadarin a ko'ina cikin jiki, da enzalutamide a 2012, mai hana shi isa wurin da yake aiki a cikin ƙwayoyin kansar.