Renon Ruwa: Abin Da Ke Gudana A Sabon Tankin Kifin Teku Kafin A Zuba Kifi Da Murjani

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane da dama da suke ajiye kifin teku a cikin ɗakunansu don sha'awar kallo kawai. Sukan tanadi wani babban akwati na gilashi, wanda a wannan maƙala za a riƙa kiransa tanki, su cika shi da ruwan gishiri, su jera duwatsu da rairayi a ƙasansa, su ɗaura masa fitila da injin da ke motsa ruwa. Abin da yakan ba baƙon wannan harka mamaki shi ne, bayan an kashe duk waɗannan kuɗi, sai a bar tankin wayam har tsawon mako 4 zuwa 6 ba a sa ko ɗan kifi guda ba. Wanda ya ƙosa ya zuba kifi tun a makon farko, sau da yawa ba a daɗewa sai ya fara tsintar gawarwakinsu, alhali kuwa ruwan yana nan garau, babu datti, babu wari. Makasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilin wannan jira, da abin da ke faruwa a cikin ruwan a lokacin da ido ba ya ganin kome.

Masu wannan harka suna kiran lokacin jiran da wata kalma mai ma'anar "kewayawa". A nan an zaɓi a ce "renon ruwa", domin abin da ake yi a haƙiƙa shi ne kiwon waɗansu ƙwayoyin halitta masu rai har su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi.

Gubar da kifi ke fitarwa

Duk dabbar da ta ci abinci mai gina jiki tilas ta fitar da ragowar sinadarin naitirojin. Mutum yana fitar da nasa ta hanyar fitsari. Shi kuwa kifi yana fitar da mafi yawan nasa a matsayin amoniya, kai tsaye cikin ruwa, ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Haka kuma ragowar abinci da kashin kifi da duk wani abu da ya mutu ya ruɓe, ƙarshensu amoniya ne. A cikin teku wannan ba abin damuwa ba ne, saboda yawan ruwan. Amma a tanki mai cin lita 100 ko 200 gubar ba ta da wurin zuwa, kuma abin da bai kai miligiram 1 a cikin lita ba ma yana iya ƙona gaɓoɓin numfashin kifi ya halaka shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa al'amarin ya fi tsanani a ruwan gishiri. Amoniya tana zama cikin ruwa a siga biyu, ɗaya mai tsananin guba, ɗaya mai sauƙi. Abin da ke raba musu kaso shi ne ma'aunin pH, watau ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ruwan teku yana tsayawa ne wajen 8.1 zuwa 8.3, ɓangaren kanwa ke nan, kuma duk lokacin da ma'aunin ya hau da maki guda, kason siga mai guba yakan ninka kusan sau 10. Saboda haka adadin amoniyar da kifin kogi zai iya jurewa a ruwa mai pH 7 ya isa ya kashe kifin teku.

Yadda aka gano masu aikin

Ajiye halittun teku a gida ya girmi sanin abin da ke tsabtace musu ruwa. A 1846 wata Baturiya, Anna Thynne, ta ɗebo murjani mai rai daga gaɓar teku a Torquay ta kai shi Landan, ta raya shi shekaru, tana sa a riƙa sheƙa ruwan kullum daga wannan mazubi zuwa wancan don ya sha iska. A 1850 Robert Warington ya gabatar da bayanin yadda kifi da tsiro da dodon koɗi za su zauna a ruwa guda ba tare da an canja shi ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi a gidan namun daji na Landan. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa tsirrai da iska su ne sirrin duka.

Haske ya fito ne daga wani fanni dabam, watau binciken ƙazamin ruwan birni. A 1877 waɗansu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da rairayi da farar ƙasa, suka riƙa ɗiga ruwan kwata a cikinsa. Wajen kwana 20 ruwan yana fitowa da amoniyarsa yadda ya shiga. Bayan haka sai amoniyar ta fara ɓacewa, wani sinadari mai suna naitiret ya maye gurbinta. Da suka sa kulorofom, maganin nan da a da ake sumar da mutum da shi, sai aikin ya tsaya cik. Wannan ya nuna cewa masu aikin abubuwa ne masu rai, kuma kwanakin nan 20 lokaci ne da suka ɗauka suna hayayyafa. Duk mai sabon tanki a yau wannan gwaji yake maimaitawa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin sha'awa kuma, ɗan Warington ɗin nan mai tankin kifi, wanda shi ma sunansa Robert, yana cikin waɗanda suka zurfafa wannan bincike a cibiyar aikin gona ta Rothamsted, ya nuna cewa aikin hawa biyu ne. A 1890, a birnin Zurik, Sergei Winogradsky ya ware bakteriyar da ke yin aikin.

Hawa na farko, wata ƙungiyar ƙwayoyi tana mayar da amoniya ta zama naitirait. Hawa na biyu, wata ƙungiyar dabam tana mayar da naitirait ta zama naitiret. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, sai mai karatu ya lura: naitirait ita ce ta tsakiya, mai guba, naitiret kuwa ita ce ta ƙarshe, wadda cutarwarta ba ta da yawa sai ta taru. Shekaru masu yawa littattafai suna cewa Nitrosomonas ce ke hawa na farko, Nitrobacter kuma na biyu. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi da suka bincika Nitrospira ce ke riƙe da hawa na biyu. Sa'an nan a 2005 masu bincike a Jami'ar Washington suka ɗebo tsakuwa daga wani tankin ruwan gishiri a gidan kifi na birnin Seattle, suka ware wata halitta mai cin amoniya wadda ba ma bakteriya ba ce, daga dangin da ake kira arkiya take. Suka raɗa mata suna Nitrosopumilus maritimus. Daga baya ta tabbata cewa irinta suna cikin halittun da suka fi kowa yawa a tekunan duniya.

Me ya sa ake daɗewa haka?

Waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin haihuwa. Bakteriyar hanjin mutum tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, amma masu cin amoniya sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini da kwana ko fiye. Alal misali, a ɗauka cewa ƙwaya guda tana rabuwa sau ɗaya a rana. Bayan kwana 10 za ta zama wajen 1,000, abin da bai isa kome ba. Bayan kwana 20 ta haura miliyan 1, bayan kwana 30 kuwa ta haura miliyan 1,000. Wannan lissafi shi ya bayyana dalilin da ya sa mai tanki zai yi ta awo kwana da kwanaki bai ga canji ba, har ya fara zargin kayan awonsa, sai kuma cikin kwana 2 ko 3 ya ga amoniyar ta faɗi warwas. Har ila yau ƙungiya ta biyu ba za ta fara ƙaruwa sosai ba sai ta farko ta samar mata abinci, shi ya sa naitirait takan daɗe a sama fiye da amoniya.

Wani abin lura shi ne, ƙwayoyin ba yawo suke yi cikin ruwa ba. Manne suke a jikin dutse da rairayi da soson matata. Don haka wanda ya roƙo bokitin ruwa daga tsohon tankin abokinsa bai samo abin kirki ba. Da ɗan guntun dutse ya roƙo, da ya fi, kamar dai yadda mai nono take zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama.

Yadda ake renon

Da farko ana haɗa ruwan. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, watau tanki mai lita 100 zai ci kilo 3 da rabi ko ɗan fiye. Gishirin miya ba ya yi, domin wajen kashi 85 ne kawai cikin 100 na gishirin teku yake irin nasa, sauran kuwa su ne magnisiyam da kalsiyam da makamantansu, waɗanda murjani ba ya rayuwa sai da su. Ruwan famfo ma tilas a tace shi, saboda kulorin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambanta mugu da nagari. Ana tsayar da ɗumin ruwan tsakanin digiri 24 da 27, a bar injin motsa ruwa yana aiki dare da rana, domin masu aikin suna shan iskar oksijin ƙwarai: kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa yana cin wajen miligiram 4 da rabi na oksijin. Fitila kuwa gara a bar ta a kashe, tun da su ba sa bukatarta, gansakuka kawai za ta tayar.

Sai dutse. Akwai wanda ake kira "dutse mai rai", watau tsohon ƙashin murjani mai kafofi da aka ɗebo daga teku da ƙwayoyinsa a jiki. Yana gajarta jira, amma ɗibansa ya yi wa teku ɓarna, har Amurka ta hana ɗebo shi daga ruwan Florida a shekarun 1990. Yanzu da yawa busasshen dutse ake saye, a zuba masa ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba.

Daga nan sai a ba su abinci. A da, abin da aka saba shi ne a jefa waɗansu ƙananan kifaye masu taurin rai da ake kira damsel, su zauna cikin gubar har ruwan ya nuna. Wannan dabara ba ta da abin yabo: azaba ce ga kifin, kuma wanda ya tsira daga cikinsu yakan mallake tankin ya addabi duk kifin da aka kawo bayansa. Hanyar da ta fi ita ce a jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe, ko kuma, abin da ya fi tsabta, a ɗiga amoniya ta kwalba har awo ya nuna miligiram 2 a lita. Wuce gona da iri a nan ba ya ƙara sauri, idan ma ta yi yawa ƙwarai aikin yana iya yin tsaiko.

Abin da ya rage shi ne awo duk bayan kwana 2 ko 3, a riƙa rubutawa. Za a ga amoniya ta sauka, naitirait ta hau ta daɗe sa'an nan ta sauka, naitiret kuma tana ƙaruwa a hankali. Gaskiya ne naitirait ba ta cutar da kifin teku kamar yadda take cutar da na kogi, domin gishirin ruwan yana tare mata hanyar shiga jini, amma saukarta ita ce shaidar cewa hawa na biyu ya kafu. Jarrabawar ƙarshe ita ce a sake ɗiga miligiram 2 na amoniya. Idan cikin sa'a 24 awo ya nuna babu amoniya babu naitirait, to ruwa ya nuna. Sai a kwashe wani kaso mai yawa na ruwan a zuba sabo don rage naitiret.

Ko a lokacin ma ba a juye kifi gaba ɗaya. Yawan ƙwayoyin daidai yake da abincin da suka saba samu. Kifi 1 ko 2 ake fara sawa, a jira mako 2 ko fiye kafin a ƙara. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Batun murjani

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado na wuya da hannu, kalmar kuwa daga Larabci aka aro ta. Wancan jan murjani ƙashin wata halitta ce da aka fi samu a Bahar Rum. Na tanki danginsa ne daga tekuna masu ɗumi. Ko da yake ya yi kama da tsiro, dabba ce, ko kuma a ce taron ƙananan dabbobi ne da ke zaune a kan ƙashi guda. A cikin naman yawancinsu akwai wata ƙwayar gansakuka da ke amfani da haske tana samar musu abinci. Idan ruwa ya sauya musu farat ɗaya, ta wajen zafi ko gishiri, sukan kori wannan gansakuka su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu.

Saboda haka ruwan da ya nuna ga kifi bai tabbata ya nuna ga murjani ba. Da zarar an kunna fitila, sabon tanki yakan shiga wani lokaci na muni: wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe rairayi da gilashi, bayanta koren gansakuka mai kama da gashi ya biyo. A nan ne ake sa dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa su kiwace shi. Ana fara gwadawa da murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashi mai tauri. Masu ƙashi masu rassa, irin su Acropora, suna bukatar kalsiyam ya tsaya wajen miligiram 400 zuwa 450 a lita ba hawa ba sauka, kuma gogaggun masu tanki sukan ba da shawarar a jira wata 6 zuwa shekara guda kafin a kawo su. Ruwan da ya ƙafe kuwa da ruwan daɗi tatacce ake cike shi, domin ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan.

Renon da aka sha wahalarsa yana iya rushewa a yini guda. Wanke soson matata da ruwan famfo yana kashe abin da ke jikinsa, don haka da tsohon ruwan tankin ake ɗauraye shi. Maganin kifi mai tagulla a ciki yana halaka murjani da dodon koɗi, kuma dutse yana shanye shi ya riƙa sakinsa daga baya, shi ya sa ake jinyar kifi a wani tanki dabam. Idan kuma wutar lantarki ta ɗauke na sa'o'i masu yawa, ruwa ya tsaya, oksijin ya ƙare, to bayan ta dawo sai a koma awon amoniya kullum har na tsawon mako guda, a kuma rage ba kifin abinci.